Fashin Baƙi: Shin Barin Annoba Ta Ratsa Jama'a Don Samun Garkuwar Gama-gari Dabara Ce?

A ranar 13 ga Maris, 2020, lokacin da asibitocin arewacin Italiya suka riga suka cika maƙil da masu fama da sarƙewar numfashi, babban mai ba gwamnatin Birtaniya shawara kan kimiyya, Patrick Vallance, ya shaida wa kafafen yaɗa labarai cewa sai kusan kashi 60 cikin ɗari na mutanen ƙasar sun kamu da korona kafin al'umma ta samu garkuwar da za ta taka wa cutar birki. Maganar ba ta kwana ba sai da jama'a suka zauna suka yi lissafi. Ƙasa ce mai mutum wajen miliyan 66, kashi 60 ɗinsu ya kai miliyan 40, kuma idan mutum ɗaya cikin kowane ɗari da ya kamu zai rasu, kamar yadda ƙiyasin wancan lokaci ya nuna, to ana maganar gawa dubu 400 ke nan. Kwana biyu bayan haka sakataren lafiya Matt Hancock ya fito ya ce garkuwar gama-gari ba ta cikin manufofin gwamnati. Sai dai muhawarar da ta ɓarke a wannan mako ba ta lafa ba har yau, kuma babu makawa za ta sake tasowa ranar da wata sabuwar annoba ta ɓulla, don haka ya kamata a san ainihin abin da aka yi jayayya a kansa.

Tunanin da ke ƙarƙashin maganar ba shi da sarƙaƙiya. Cuta mai yaɗuwa tana ci gaba da rayuwa ne muddin kowane mai ɗauke da ita yana samun aƙalla mutum ɗaya da zai shafa wa. Masana annoba suna auna ƙarfin cuta da yawan mutanen da mai ciwo ɗaya zai harba a cikin al'ummar da babu wanda ya taɓa haɗuwa da ita. Idan adadin uku ne, ɗaya zai zama uku, uku su zama tara, tara su zama ashirin da bakwai. Amma idan biyu daga cikin kowane mutum uku suna da garkuwa, mai ciwon ba zai samu wanda zai harba ba sai ɗaya tak, kuma da zarar masu garkuwa sun haura haka, cutar za ta riƙa ja da baya da kanta. A nan ne jaririn da bai isa allura ba, da mai jinyar ciwon daji da magani ya raunana jikinsa, da tsohon da allura ba ta kama shi sosai ba, duk za su tsira albarkacin waɗanda ke kewaye da su. Koronar farko an ƙiyasta mai ita ɗaya yana harbin mutum biyu da rabi zuwa uku, shi ya sa aka riƙa ambaton kashi 60 zuwa 67. Ƙyanda kuwa, wadda mai ita ɗaya kan harbi mutum 12 zuwa 18, sai an kai wajen kashi 95 kafin ta lafa.

Babu masanin da ke musun cewa wannan abu yana faruwa, kuma mutanen yankinmu sun gan shi da idanunsu. Annobar sanƙarau ta 1996 zuwa 1997 ta kama fiye da mutum 250,000 a ƙasashen da ke kudu da Sahara, ta kashe wajen 25,000, kuma arewacin Najeriya da Nijar na cikin wuraren da ta fi yi wa ɓarna. Daga watan Disamba na 2010 aka soma yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29 allurar MenAfriVac a Burkina Faso, Mali da Nijar, daga baya aka faɗaɗa zuwa Najeriya, Chadi da sauran ƙasashe. Allurar ba kare wanda aka yi wa kaɗai take yi ba, tana kuma kawar da ƙwayar cutar daga maƙogwaronsa, har binciken da aka yi a Chadi ya nuna masu ɗauke da ƙwayar sun ragu da kusan kashi 98 cikin ɗari. Sakamakon haka nau'in sanƙarau na A, wanda shi ne ke haddasa manyan annobai a lokacin zafi, ya kusa ɓacewa har a tsakanin waɗanda ba a yi wa allura ba. An kuma ga kishiyar haka: lokacin da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano daga 2003 zuwa tsakiyar 2004, ƙwayar cutar ta bi matafiya ta sake ɓulla a ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har da Sudan, Yaman da Indunusiya.

Abin lura shi ne duk waɗannan nasarori ta hanyar allura aka same su. Ƙyanda ta yi ɗaruruwan shekaru tana kama kusan kowane yaro, kuma wanda ya tashi daga ciwon yana samun garkuwa ta tsawon rai, amma duk da haka ba ta taɓa gushewa ba. Takan lafa idan ta gama da yaran da ke ƙasa, sai an haifi wasu sun taru ta dawo bayan shekara biyu ko uku, kuma kafin allurarta ta wadata a duniya tana kashe wajen mutum miliyan 2.6 a kowace shekara. Agana ma haka ta yi ta yi har sai da allura ta kawo ƙarshenta, aka yi shelar kawar da ita a 1980. Wannan tarihi ne shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Tedros Ghebreyesus, ya dogara da shi a ranar 12 ga Oktoba, 2020, da ya ce ba a taɓa amfani da barin cuta ta yaɗu a matsayin dabarar tunkarar annoba ba, kuma ana samun garkuwar gama-gari ne ta hanyar kare mutane daga ƙwayar cuta, ba ta hanyar jefa su gabanta ba.

A Birtaniya lissafi ne ya kashe maganar a zagayen farko. Ranar 16 ga Maris rukunin Neil Ferguson na Kwalejin Imperial da ke Landan ya fitar da hasashen cewa idan ba a yi komai ba za a iya rasa mutum 510,000 a Birtaniya da miliyan 2.2 a Amurka, kuma ko da an bi tsarin sassauta yaɗuwar cutar tare da keɓe tsofaffi, masu buƙatar gadon kulawa ta musamman za su ninka abin da asibitoci ke iya ɗauka sau takwas, mace-macen kuma su kai 250,000. Mako guda bayan haka, ranar 23 ga Maris, Firayim Minista Boris Johnson ya sanya dokar kulle. Kwamitocin majalisar dokokin ƙasar da suka binciki lamarin a Oktoban 2021 sun bayyana jinkirin makonnin farko a matsayin ɗaya daga cikin manyan gazawar da ƙasar ta taɓa yi a fannin lafiyar jama'a.

Amma a kaka ta 2020, bayan duniya ta ɗanɗana ɗacin kulle, maganar ta dawo cikin tsari mafi ƙarfi. Ranar 4 ga Oktoba wasu masana uku, Martin Kulldorff na Jami'ar Harvard, Sunetra Gupta ta Oxford da Jay Bhattacharya na Stanford, suka rattaba hannu kan takardar da aka fi sani da Sanarwar Great Barrington, sunan garin da suka haɗu a jihar Massachusetts ta Amurka. Hujjarsu ta cancanci a faɗe ta yadda take, domin ba maganar banza ba ce. Sun ce korona ba ta yi wa kowa adalci ɗaya: haɗarin mutuwa ga tsoho mai rauni ya ninka na yaro fiye da sau dubu. Sun ce kulle yana da nasa gawarwakin, wato yaran da ba a kai rigakafi ba, masu ciwon zuciya da ciwon daji da ba a gano su da wuri ba, masu taɓin hankali, ɗaliban da karatunsu ya tsaya, kuma nauyin duk wannan a kan talaka da matashi yake sauka, yayin da mai hali ke zaune a gida yana aiki ta kwamfuta ana kawo masa abinci har ƙofa. Shawararsu ita ce a bar masu ƙarancin haɗari su ci gaba da harkokinsu, su kamu su warke, a kuma tattara dukkan ƙarfi wajen killace tsofaffi da marasa lafiya har guguwar ta wuce. Kwana goma bayan haka wasu masanan suka mayar da martani a mujallar Lancet da takardar da suka sanya wa sunan John Snow, likitan da ya gano tushen kwalarar Landan a 1854, inda suka ce wannan tunani kuskure ne mai haɗari wanda babu hujjar kimiyya a bayansa.

A ganina raunin shawarar ta Great Barrington ba a niyyar masu ita yake ba, yana cikin abubuwan da ta ɗauka a matsayin tabbas alhali ba a tabbatar da su ba. Na farko shi ne cewa wanda ya kamu ya warke ya gama da cutar. Wannan gaskiya ne ga ƙyanda, amma dangin korona guda huɗu da ke haddasa mura ta yau da kullum an daɗe da sanin suna sake kama mutum bayan shekara ɗaya ko biyu, kuma tun watan Agusta na 2020 masu bincike a Hong Kong suka tabbatar da mutumin farko da sabuwar koronar ta kama sau biyu. Idan garkuwa tana dusashewa, ko kuma ƙwayar cutar tana sauya kama, to layin kashi 60 ɗin nan ba a tsaye yake wuri ɗaya ba, kuma kowane sabon mutum da ya kamu wata dama ce da ƙwayar ke samu ta sauya.

Birnin Manaus da ke tsakiyar dajin Amazon a Birazil, mai mutum fiye da miliyan biyu, shi ne ya nuna wannan a aikace, ba don hukumomi sun tsara hakan ba sai don cutar ta fi ƙarfinsu. A watannin Afrilu da Mayu na 2020 an riƙa binne mutane a dogayen ramuka saboda yawan gawa. Wani bincike da aka yi kan jinin masu ba da gudummawar jini, wanda mujallar Science ta wallafa, ya ƙiyasta cewa zuwa Oktoba kashi 76 cikin ɗari na mazauna birnin sun riga sun kamu, adadin da ya haura layin da ake ta magana a kai. Bisa lissafin masu ra'ayin garkuwar gama-gari, Manaus ta tsallake ke nan. Sai ga shi a watan Janairu na 2021 zagaye na biyu ya zo da ƙarfin da ya fi na farko, tare da sabon nau'in da daga baya aka kira Gamma, iskar oksijin ta ƙare a asibitoci, marasa lafiya suka riƙa mutuwa a kan gado saboda rashin abin shaƙa, 'yan uwansu na bin layi da tukwanen iska a hannu. Wasu masana sun ce adadin na 76 ya yi yawa, domin masu ba da jini ba su wakilci dukkan mazauna birni ba. Ko da haka ne, darasin bai sauya ba, domin dabarar da ta rataya a kan sanin yawan waɗanda suka kamu ba ta da tudun dafawa idan ƙwararru ma ba su iya tantance adadin a tsakiyar annoba.

Akwai kuma wani ɓangare na lissafin da ba a cika faɗa wa jama'a ba. Kaiwa kashi 60 ba ya nufin annoba ta tsaya a nan, yana nufin daga nan ne za ta soma raguwa. A daidai wannan lokaci ne masu ɗauke da cutar suka fi yawa, kuma kowannensu zai harbi wani kafin ya warke. Kamar tirela ce da ta ɗauko kaya a kan gangara, wadda taka birki ba ya tsayar da ita nan take, sai ta yi tafiya mai nisa tukuna. Ƙididdigar masana ta nuna cewa cutar da mai ita ɗaya ke harbin mutum biyu da rabi, idan aka bar ta ba tare da wani mataki ba, sai ta kama kusan kashi 89 cikin ɗari kafin ta lafa, ba kashi 60 ba. Wannan rarar ta kusan kashi 30 mutane ne da za su kamu ba tare da kamuwarsu ta ƙara wa kowa kariya ba.

Abu na biyu da aka ɗauka a matsayin tabbas shi ne cewa za a iya gina katanga tsakanin masu rauni da sauran jama'a na tsawon watanni yayin da cutar ke tashe a waje. A nan ne nake ganin shawarar ta fi nisa da rayuwar mutane. Tsohon da ba ya iya tashi sai an kama shi, matashi ne ke yi masa wanka, ya ba shi abinci, ya juya shi a kan gado, kuma wannan matashi daga cikin gari yake fitowa, a motar haya yake zuwa. Korona kuma tana yaɗuwa kwana ɗaya ko biyu kafin mai ita ya ji alamar komai. Sannan masu rauni ba tsofaffi kaɗai ba ne: idan aka haɗa masu ciwon suga, hawan jini, ciwon ƙoda, asma, ƙiba da masu juna biyu, za a tarar babban kaso ne na al'umma, kuma da yawansu su ne masu ciyar da gida. Ga wanda ya san gidan Bahaushe, inda kaka da 'ya'ya da jikoki ke tsakar gida ɗaya, ana ci a kwano ɗaya, ana shiga gaida tsoho safe da yamma, tambayar a ina za a keɓe shi da kuma wa zai kula da shi ba ta da amsa mai sauƙi. Hakan yake a unguwannin talakawan Indiya da Birazil, har ma da gidajen baƙin haure a biranen Turai.

Suwidin ita ce ƙasar da kowane ɓangare ke kafa hujja da ita, kuma labarinta ya fi yadda duk ɓangarorin ke bayar da shi sarƙaƙiya. Ba ta sanya dokar kulle ba, ta bar makarantun 'yan ƙasa da shekara 16 a buɗe, haka shaguna da gidajen abinci. Amma ba sakaka ta yi da lamarin ba: ta mayar da manyan makarantun sakandare da jami'o'i karatu daga gida, ta taƙaita taro zuwa mutum 50 a ƙarshen Maris, ta hana ziyara a gidajen kula da tsofaffi, kuma mutanenta, waɗanda suka yarda da hukumominsu ƙwarai, sun rage zirga-zirga da kansu. Babban masanin annoba na ƙasar, Anders Tegnell, ya sha nanata cewa garkuwar gama-gari ba ita ce manufarsu ba, ko da yake a watan Afrilu ya yi hasashen birnin Stockholm na iya kaiwa gare ta cikin makonni. Gwajin jini da aka yi ya nuna kashi 7.3 kacal na mazauna birnin ne ke da alamar garkuwa a ƙarshen wannan wata. A ɗaya ɓangaren, kusan rabin waɗanda suka rasu a zagayen farko mazauna gidajen kula da tsofaffi ne, wato ainihin mutanen da aka ce za a kare, kuma 'yan asalin Somaliya da ke zaune a cunkushe a unguwanni irin su Rinkeby da Tensta sun mutu fiye da kasonsu a cikin jama'a. Zuwa ƙarshen 2020 Suwidin ta rasa fiye da mutum 8,000, yayin da maƙwabciyarta Norwe, mai rabin yawan jama'arta, ba ta kai 500 ba. A watan Disamba Sarki Carl Gustaf da bakinsa ya ce ƙasar ta gaza. Idan ƙasa mai arziki, wadda ke sahun gaba a duniya wajen yawan mutanen da ke zaune su kaɗai a gida, ta kasa killace tsofaffinta, yana da wuya a ga ƙasar da za ta iya.

Duk da haka adalci ya wajabta a ƙarasa labarin. Idan aka haɗa shekarun 2020 zuwa 2022 aka duba yawan mace-macen da suka haura na al'ada, Suwidin na cikin ƙasashen Turai da suka fi ƙarancin asara, ta fi Birtaniya, Italiya da Sifaniya da suka yi kulle mai tsanani. Hukumar binciken da ƙasar ta kafa ta yanke a Fabrairun 2022 cewa guje wa kulle da dogaro da shawara daidai ne a bisa tushe, amma ya kamata a ce an ɗauki matakai masu ƙarfi da wuri a makonnin farko. Abin da ya daidaita alƙaluman Suwidin daga baya shi ne ta yi wa tsofaffinta allura da sauri kuma kusan dukkansu sun karɓa. Saboda haka Suwidin hujja ce cewa ana iya yaƙar annoba ba tare da kulle kowa a gida ba, amma ba hujja ba ce cewa barin cuta ta yaɗu yana kawo garkuwa.

Wannan bambanci ne aka rasa a cikin hayaniyar 2020, kuma laifin bai tsaya a ɓangare ɗaya ba. An mayar da muhawarar kamar zaɓi biyu ne kacal, ko kulle ko sakaci, alhali tsakaninsu akwai gwaji da bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da mai ciwo, sanya takunkumi, buɗe tagogi, rage manyan taruka da tallafa wa wanda ya kamu ya zauna a gida, irin abin da Koriya ta Kudu, Taiwan da Japan suka yi. Masu Sanarwar Great Barrington sun yi gaskiya kan illar rufe makarantu: a ƙololuwar annobar ɗalibai wajen biliyan 1.6 ne karatunsu ya tsaya, Yuganda ta rufe makarantu kusan shekara biyu sai a Janairun 2022 ta buɗe, kuma yara da dama, musamman mata, ba su koma ba. Sun yi gaskiya kan rigakafin yara, domin a 2021 yara miliyan 25 ne a duniya ba su samu cikakkiyar allurar da ke kare su daga mashaƙo da tarin shiƙa ba, kuma ba a jima ba mashaƙo ya ɓarke a Kano da kewayenta daga ƙarshen 2022, a yankin da dama rigakafin bai wadata ba. Sun yi gaskiya kan talaka. Wanda ya ga yadda kullen Kano na watan Afrilun 2020 ya faɗo daf da azumi, a kan mutanen da rayuwarsu hannu baka hannu ƙwarya ce, ya san umarnin zaman gida ba ya cika ciki, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Najeriya ta ba da rahoton cewa a makonni biyun farko na kulle a sassan ƙasar jami'an tsaro sun kashe mutum 18, adadin da ya haura waɗanda aka tabbatar korona ta kashe a ƙasar zuwa lokacin. Maimakon a tattauna waɗannan batutuwa da masu sanarwar, shugaban Cibiyoyin Binciken Lafiya na Amurka na lokacin, Francis Collins, ya rubuta wa Anthony Fauci, babban masanin cututtuka masu yaɗuwa na gwamnatin ƙasar a lokacin, saƙo yana neman a gaggauta rusa hujjojinsu a bainar jama'a. Wannan salo ya ɓata amana, kuma yana cikin abin da ya mayar da tambayar kimiyya ta koma rigimar siyasa. A 2025 Bhattacharya ne ya hau kujerar da Collins ya taɓa riƙewa.

Abu na uku, wanda a wurina shi ne ya raba gardama, shi ne darajar lokaci. Shawarar barin matasa su kamu tana da ma'ana ne idan babu wani ceto da ke tafe, domin a irin wannan hali jinkiri ba ya rage gawa, yana tsawaita wahala ne kawai. To amma makonni biyar bayan sanarwar, ranar 9 ga Nuwamba, kamfanonin Pfizer da BioNTech suka bayyana cewa allurarsu tana aiki fiye da kashi 90 cikin ɗari, kuma ranar 8 ga Disamba aka yi wa wata tsohuwa 'yar shekara 90 allurar farko a birnin Coventry na Birtaniya. Tun kafin haka, a watan Yuni, gwajin da aka yi a Birtaniya ya nuna cewa dexamethasone, magani mai araha da ke kowane kantin magani, yana rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya bisa uku. Mutumin da ya kamu a tsakiyar 2021 bayan an yi masa allura, da wanda ya kamu a Oktoban 2020, cuta ɗaya ta same su amma haɗarinsu ba ɗaya ba ne. Niyu Zilan ta rufe iyakokinta, ta yi wa wajen kashi 90 na manyanta allura, sannan ta buɗe, kuma ta fita da ɗaya daga cikin mafi ƙarancin asarar rayuka a duniya. Hong Kong ta sayi irin wannan lokaci amma ba ta yi amfani da shi wajen shawo kan tsofaffinta su karɓi allura ba, da nau'in Omicron ya shiga a farkon 2022 sai mace-macenta suka zama cikin mafi muni a duniya a wancan lokaci.

Dole kuma a faɗi cewa allurar ma ba ta kawo garkuwar gama-gari irin ta ƙyanda ba, duk da alƙawuran da wasu jami'ai suka yi. Omicron, wanda masana a Afirka ta Kudu da Botswana suka fara ganowa a Nuwamban 2021, yana kama wanda aka yi wa allura da wanda ya taɓa kamuwa. Abin da duniya ta samu a ƙarshe garkuwa ce mai hana ciwo ya yi tsanani, ba mai hana yaɗuwa ba, kuma a kan haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓacin da ta ayyana kan korona ranar 5 ga Mayu, 2023, bayan ta ƙiyasta cewa mace-macen da suka haura na al'ada a 2020 da 2021 sun kai miliyan 14.9. Ke nan layin da aka yi ta faɗa a kansa bai kasance wurin da za a iya kaiwa ba ga wannan cuta, ko ta wace hanya aka bi.

Afirka kuwa ba a ba ta zaɓi a wannan muhawara ba. Gwajin jinin da hukumomin lafiya na Najeriya suka yi a ƙarshen 2020 ya nuna wajen mutum ɗaya cikin biyar a Legas, Inugu da Nasarawa ya riga ya kamu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa Satumban 2021 kusan kashi biyu bisa uku na mutanen nahiyar sun haɗu da cutar. Ƙuruciyar jama'a ce ta rage ɓarnar, domin rabin 'yan Najeriya ba su wuce shekara 18 ba, 'yan sama da 65 kuma wajen kashi 3 ne cikin ɗari. Amma ƙarancin gwaji da rashin rajistar mace-mace sun ɓoye wani ɓangare na asarar: ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce daga cikin mutum 979 da suka rasu a ƙwaryar birnin Kano a lokacin yawan mace-macen nan na Afrilu da Mayun 2020, kashi 50 zuwa 60 na iya kasancewa da alaƙa da korona, kuma yawancinsu dattawa ne. Wannan kariya ta ƙuruciya ba abin dogaro ba ce, domin murar 1918 matasa majiya ƙarfi ta fi kashewa, kuma babu wanda ya san wa annoba ta gaba za ta nufa.

Hujjar cewa a jinkirta yaɗuwar cuta har allura ta iso tana aiki ne ga wanda allurar za ta iso masa a kan kari. Kason farko na COVAX, shirin duniya na raba allurar korona tsakanin ƙasashe, ya sauka a Ghana ranar 24 ga Fabrairu, 2021, na Najeriya kuma ranar 2 ga Maris, allurai miliyan 3.9 ga ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200. Ƙasashe masu arziki sun riga sun saye mafi yawan abin da ake sarrafawa, Indiya ta dakatar da fitar da nata da nau'in Delta ya afka mata, wasu daga cikin alluran da aka kawo a matsayin kyauta kuma sun zo daf da ƙarewar wa'adinsu, har Najeriya ta lalata fiye da miliyan ɗaya a Disamban 2021. Nahiyar na sarrafa wajen kashi ɗaya cikin ɗari ne kacal na alluran da take amfani da su, kuma Tarayyar Afirka ta sanya burin kai wannan adadi kashi 60 nan da 2040, tare da dogaro da cibiyoyi irin su Pasteur ta Dakar da masana'antun Afirka ta Kudu, Masar da Ruwanda. Muddin wannan buri bai tabbata ba, gwamnatocin nahiyar za su sake samun kansu suna umartar talakawa su jure kulle don jiran allurar da wasu ne ke yanke ranar zuwanta.